Sau Hamsin da Takwas Bai Kammala Ba

Bevan Kereama ya yi shekara goma sha uku yana tseren mota a garin nan namu na Wairarapa, amma ko sau ɗaya bai taɓa ƙetare layin ƙarshe ba. Baƙo in ya ji haka sai ya ce to me ya kai shi. Mu da muka sha ƙurar filin duk yammacin Asabar mun san abin da ya kai shi.

Sunan ƙungiyarsu Karnukan Tumaki, don kusan dukkansu 'yan gona ne. Kowace ƙungiya mota huɗu take fitarwa, kuma wadda motarta ɗaya ta fara isa ita ta ci, ko da sauran ukun sun zama tarkace. Shi ya sa ake da mai gudu, ake da mai tare. Mai gudu ya taka wuta kawai. Mai tare kuwa sai ya rage gudu da gangan, ya jira motar abokan hamayya ta zo, ya haɗa ta da bango, in ta kama shi ma ya tafi tare da ita. Bevan ne mai tare, Ross Mulgrew mai gudu. 'Yan tsokana kan ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai dai Ross bai taɓa zagaya fili da tutar nasara shi kaɗai ba. Yakan tsaya gaban abin da ya rage na motar Bevan, ya jira a zaro shi ta taga, ya miƙa masa tutar.

Ranar Litinin Bevan yakan koma aikinsa na kafa shingen waya a gonakin mutane, wuya a sandare, haƙarƙari a ɗaure. Matarsa Raewyn takan ce ita ba miji ta aura ba, guduma ta aura, amma ba ta taɓa fashin zuwa kallo ba.

A 1989 aka sayar da filin, aka shuka inabi a kai. Ba a yi taron sallama ba, ƙungiyar dai ta watse kamar yadda kasuwa ke watsewa. Biyu suka tafi Ostareliya aikin ma'adinai, ɗaya tarakta ta kife da shi, saura tsufa ya ɗebe su ɗai-ɗai. Raewyn ta rasu. 'Yarsu tana Perth, can Ostareliya, sai Kirsimeti ake jin muryarta a waya. Daga baya likita ya sa aka karɓe lasisin Bevan don wuyansa ya daina juyawa, sai ga mutumin da ya kai motoci hamsin da wani abu bango yana tsaye a bakin titi yana jiran bas.

Ross kaɗai ya rage masa, shi ma yana gidan kula da tsofaffi a Masterton, mantuwa ta cinye shi. Duk Laraba Bevan kan hau bas ya je masa da soyayyen kifi da dankali a nannaɗe cikin takarda. Shekara biyu ke nan Ross bai gane shi ba. Mai kifi yake ce masa. Bevan bai taɓa gyara masa ba, ya dai zauna su ci, ya dawo gidan da babu mai tambayarsa yaya hanya.

Bara sai Colleen Baird, mai kula da ɗakin karatun garin, ta tsinci kwalin takardun sakamakon tseren. Mace ce mai himma, amma daga Wellington ta zo, ba ta taɓa shaƙar hayaƙin filin ba. Ta shirya baje kolin hotuna, da niyyar buga ɗan littafin tarihin ƙungiyar a ƙarshen wata. A ƙarƙashin hoton kowa ta rubuta abin da takarda ta ce. Ross, nasara talatin da ɗaya. Bevan, ya shiga tsere hamsin da takwas, bai kammala ko ɗaya ba.

Bevan ya je, ya sa tabarau, ya karanta. Wasu samari biyu a bayansa suna dariya, ɗayan yana cewa wannan ai ko keke bai kamata a ba shi ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ba shi da kofi ko ɗaya, duk sunan Ross ne a jiki. Motar tuni ta tafi wurin 'yan gwangwan. In littafin ya fito a haka, abin da garin zai sani game da shi ke nan bayan ransa, kuma abin da jikokinsa za su karanta a Perth.

Colleen ta ga fuskarsa ta matso. "Mista Kereama, in akwai kuskure a lambobin ka faɗa mini in gyara."

"Lambobinki daidai suke, 'yata."

Gyaran ba daga bakinsa zai fito ba. A wurin masu tare, ba ka faɗin wanda ka buga. Mai gudu ne ke faɗa, in ya ga dama, don yabon kai jahilci ne. Abin da ya iya kawai shi ne ya roƙe ta ta raka shi Masterton ranar Laraba, ta zo da hoton tseren ƙarshe. Ya san caca yake yi, don akwai ranar da Ross ko sunan kansa ba ya tunawa.

Sun sami Ross a bakin taga, bargo a gwiwa. Ya yi murna da kifin, ya ci rabi, sannan Colleen ta ajiye hoton a gabansa ta ce tana son ya ba ta labarin nasarorinsa. Ross ya zuba wa hoton ido. Aka daɗe. Bevan har ya fara tattara takardar kifin, ya fid da rai.

Sai Ross ya ɗora yatsa a hoton. Ba kan motarsa da ke gaba ba, can gefe, kan wata da ta naɗe a jikin bango.

"Ki bar zancen nasarata," in ji shi. "Ni tuƙi kawai na yi, ko kakata za ta iya. Wannan ne. Bevan. Ban taɓa duba madubi ba, kin gane? Shekara goma sha uku ban duba bayana ba, don na san yana nan."

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya faɗi ranar da Bevan ya tare motoci biyu da taya uku, da ranar da ya karya ƙashin kafaɗa ya hana a faɗa wa Raewyn sai da aka gama shan giyar murna. Wasu abubuwan Bevan kansa ya manta da su. Colleen tana rubutu, kunya ta rufe ta, shi kuwa Bevan ya sunkuyar da kai iyakar yadda wuyan ya yarda.

Can Ross ya tsaya, fuskarsa ta canza. Ya juyo ya dubi Bevan.

"Kai mai kifi, ka san shi?"

"Na san shi."

"To ka ce masa bai kyauta ba. Tun da aka kawo ni nan ko leƙe bai yi ba. Mutumin da muka yi abin da muka yi tare."

Colleen ta buɗe baki za ta yi magana, Bevan ya ɗaga mata hannu. Ya jawo kujerarsa kusa, ya gyara wa Ross bargon da ya zame, ya tura masa sauran dankalin.

"Ci kafin ya huce, abokina," ya ce. "Zan faɗa masa."