Nura Ya Mayar Da Tarauni Turai

"Ai mun koma sabuwar manhaja, Malam. Duniya ta wuce tsohuwar."

Haka Nura ya faɗa min jiya a shagon aski a Gyaɗi-Gyaɗi, yana kaɗa ƙafa. Shi ne ya zana unguwanninmu a cikin wasan tuƙa jirgin sama na kwamfuta, wanda nake huce gajiya da shi idan na taso daga asibiti. Shekara guda ina roƙonsa ya ɗauke gidanmu daga tsakiyar titi, inda ya dasa shi.

Na ce, "To kai ka tashi jirgi a sabuwar?"

Ya sosa ƙeya. "Kwamfutata ba ta ɗauka. Wani Bature ke gwada min, yana turo hotuna."

Ya miƙo waya. Wai unguwarmu ta Tarauni ce: bishiyoyi masu tsini, ciyawa kore shar, babu kwata, babu adaidaita ko ɗaya. Baturen da bai taɓa taka Kano ba ya rubuto masa cewa komai ya yi daidai.

Gidanmu kuwa yana nan daram a tsakiyar titi. Shi kaɗai ya yi ƙaura lafiya.

Jama'a, ku raba mu: ci gaba ne wannan, ko na mai haƙan rijiya?