Yadin da Na Rubuta wa Kaka

A shekarun da aikin hajji yake faɗowa a kaka, Madina takan yi ƙamshin dabinon da aka gama yanka ana shanyawa, haɗe da warin farar ƙasa da ake shafa wa ƙofofin mahajjata. Zafi ya karye, iskar safe ta fara sanyi. A lungunmu, can bayan unguwar Anbariyya, duk gidan da yake jiran mai dawowa daga Makka sai ya kafa rassan dabino a gefen ƙofa, a lanƙwaso kawunansu su haɗu a sama. A shekarar da nake magana a kai, mu ne masu jira, kuma ni aka bar wa adon ƙofa.

Kakata, mahaifiyar Baba, ta yi doguwar jinya har muka fara cire rai. Da ta tashi, ta ce ko a kujera ne sai ta sake tsayuwa a Arfa, in ta dawo kuma a yi walima, a ciyar da lungu duka, a gode wa Allah. Sai dai ciwon ya bar mata yana a ido. Kullum abin ƙaruwa yake yi. Ta daina zura zare a allura, ta daina gane fuska sai an matso. Likita ya faɗa wa Baba gaskiya, Baba ya faɗa mana, ita ma ta sani ba tare da an faɗa mata ba.

Ranar da za ta tafi tare da Baba, tana zaune a kan akwatinta ta kira ni.

"'Yar nan, ke da kike da hannun rubutu. In na dawo ina so in tarar da magana a saman ƙofa. Ba irin takardun kanti ba. Da harshenmu."

"Me zan rubuta, Kaka?"

"Ki sa: Kaka ta dawo, mun gode Allah. Manya-manya. Yadda zan gani tun daga bakin lungu." Ta yi dariya. "In ba ki yi manya ba, bangon kawai zan gaisar."

Na ce to. Na san abin da take nufi, ita ma ta san na sani. Wataƙila shi ne rubutu na ƙarshe da idonta zai karanta.

Kaka ba ta karanta Larabcin jarida. Abin da ta iya shi ne ajami, haruffan Larabci masu ɗauke da maganar Hausa, wanda mahaifinta ya koya mata kafin su taso daga ƙasar Hausa. Ni a makarantar 'yan mata na koyi rubutu, malamata tana ɗaga littafina ta nuna wa aji. Amma a gida, a kan tabarmar Kaka, na koyi ɗaya rubutun. Ita haruffa sunaye take kiransu kamar jikoki, wannan ba guje, wancan mim jaye. Ina yarinya nakan ga kamar da gaske ba ɗin gudu take yi, ta tattare zani.

Na fara aiki tun ranar Arfa. Wani mai lambu da Baba ya sani ya aiko mana da ɗanyun rassa da kwandon dabino. Na zauna a tsakar gida ina tsage ganye ina saƙa furanni da taurari, irin waɗanda ake naɗewa a ƙulle da ɗan ƙulli a gindi don kada su warware. Ganyen dabino yana da kaifi a baki, yatsuna suka yi ta tsagewa, ban damu ba. Na dafa dabinon da bai gama nuna ba, na shanya, na zura a zare kamar tasbaha. Inna tana wucewa da tukwane tana cewa, "Ke dai a bar ki da ganye da mafarki. Shinkafa fa ba ta tsince kanta."

Tawadar ma da kaina na haɗa, yadda Kaka ta nuna mini, gawayi dakakke da ƙaro. Alƙalami ya yi siriri, sai na dandaƙe bakin wani reshe har ya yi gashi, na yi rubutun da shi a kan farin yadi. Kowane harafi ya kai tsawon hannuna. In na gama ɗaya sai in ja da baya har jikin bango, in kanne ido, in bar ɗan siririn haske, in duba ko mai yana a ido zai gane. Wanda ya yi siriri in sake bi ta kansa. Da na kai sunan Allah sai da na sake alwala. Ban taɓa yin abin da ya yi mini kyau kamar wannan yadi ba, kuma har yau ban sake ba.

Safiyar ranar da za su iso, Yaya ya hau tsani ya kafa mini shi a saman ƙofa, na miƙa masa furannin ya rataya a ƙasansa. Yayana ke nan, wanda yake aiki a filin jirgi. Hausa yana jin ta sarai, da ita aka goya shi, amma tun da ya fara sa farar riga mai guga ya daina mayarwa. Ka yi masa Hausa ya amsa da Larabci. Kaka ma ya daina ce mata Kaka, sai Sitti, irin na Larabawa. Yana kan tsanin ya karanta yadin, na ga leɓensa yana motsi. Ya san abin da aka rubuta. Ina so a riƙe wannan, domin a nan fushina yake.

Bayan azahar wani ya zo da labari cewa motarsu ta wuce Bi'ir Ali, dab da shiga gari. Gida ya rikice, Inna tana zuba shinkafa a faranti, ni ina goge kofunan shayi. Sai aka buga ƙofa. Yaya ya fita, ni kuma na tsaya a bayan ƙyaure, ina leƙe ta tsaga.

Maƙwabcinmu ne, wanda bai daɗe da tarewa a gidan da yake kallon namu ba. Mutum ne mai ibada, ba ya ɗaga kai in mace ta wuce. Ya yi sallama, ya yi wa Yaya barka, sannan ya nuna sama. Da Larabci ya yi magana, a hankali, kamar mai gaya wa mutum cewa akwai kunama a rigarsa.

"Ɗan'uwa, wa ya ba ku wannan? Tun safe nake karantawa. Haruffa ne, amma ba magana ba ce. Ga sunan Allah an haɗa shi da kalmomin da ba su da ma'ana. Ga kuma ƙulle-ƙulle a ƙasa." Ya taɓa ɗaya daga furannina da ɗan yatsa, ya janye da sauri. "Wani ya cuce ku. Irin wannan aikin masu sihiri ne."

Na kusa yin dariya. Kuskure ne mai sauƙi, kalma biyu za ta gyara shi. Ni ba zan iya fita in yi wa baƙon namiji bayani a titi ba, ba a yin haka. Amma ga Yaya a tsaye. Abin da zai ce kawai shi ne: harshenmu ne, ƙanwata ce ta rubuta wa kakarmu, ga ma'anarsa. Na jira. Wasu maza biyu masu dawowa daga masallaci suka tsaya suna kallo. Ɗaya daga cikinsu abokin aikinsa ne.

Yaya ya ɗaga kai ya dubi yadin kamar yau ya fara ganinsa.

"Wallahi ban lura ba," in ji shi da Larabci. "Aikin mata ne. Ka san su, abin da suka gani suke kwaikwaya. Allah ya saka maka da alheri."

Na buga ƙyauren da tafin hannu. Ya ji. Bai waiwayo ba.

Maƙwabcin ya ce tun da akwai sunan Allah kada a ƙona, a wanke da ruwa, a kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya. Yaya ya shigo neman kwano. Na tare shi a soro.

"Yaya, ka gaya masa."

"Halas, ya isa. Matsa."

"Ka karanta da safe. Na ga bakinka. Ka gaya masa Hausa ce!"

"Aib, rage murya, maza ne a waje." Ya ƙara da Larabci cewa shi yake fita cikin mutane, ba ni ba. Shi ake kira Takaruni a bayan ido, sunan rainin da ake yi wa baƙar fata irinmu. Ba zai tsaya a titi yana koyar da yare ba, gobe a kai labari wurin aiki.

"To ka ce masa ka ji, ka rufe ƙofa. Kaka tana hanya. Idonta, Yaya. Ba za ta sake..."

"Sitti ba za ta damu da tsumma ba."

Tsumma. Na juya wajen Inna. Tana tsaye da ludayi a hannu, ta dubi ɗanta, ta dube ni, ta ce, "Ki yi haƙuri, kada a tara mana jama'a ranar farin ciki." Ta koma madafa.

Ta tsagar ƙyaure na kalli sauran. Yaya ya sauke yadin ya tsoma a kwano. Tawadar gawayi ba ta gardama da ruwa, nan take ta saki. Na ga "Kaka" ta narke, na ga "mun gode" ta bi ta, ruwan ya yi baƙi. Maƙwabcin yana karanta addu'o'in tsari da zuciya ɗaya, shi a ganinsa ceton mu yake yi. Ban taɓa riƙe shi a raina ba. Wanda na riƙe shi ne mai durƙuso a gabansa, yana kwance furannina da yatsun da Kaka ta sha wanke wa tuwo, yana cewa amin. Ganyen da ya warware ya tsaya a lanƙwashe, bai koma miƙaƙƙe ba, bai zama fure ba. Ya tara su a gefe kamar shara.

Da mazan suka watse, sai ga bangon saman ƙofa a fili, da tsohuwar tsaga da yadin ya rufe. Inna ta leƙo ta ce a mayar da shi haka nan, ya fi a ga tsagar. Yaya ya matse shi ya sake kafawa, jiƙaƙƙe, launin toka, babu ko ɗigo. Tawadata ta ƙare, kuma ko da akwai, ba a rubutu a kan ruwa. Ina tsaye ina kallonsa sai muka ji hon a bakin lungu.

Mata suka fito ƙofofi suna guɗa. Na ja mayafi na tsaya a bakin soro. Baba ya fito daga mota da askakken kai, ya zagayo ya riƙo Kaka. Ta rame, rana ta ƙona ta, amma tana murmushi. Suka taho a hankali. A tsakiyar lungu ta tsayar da Baba, ta ɗaga kai wajen ƙofarmu. Ta daɗe tana kallo. Na shirya abin da zan faɗa in ta tambaya, kuma na yi niyyar faɗa da ƙarfi, kowa ya ji.

Sai ta ɗaga yatsa tana bin iska daga dama zuwa hagu.

"Kaka... ta dawo," in ji ta, tana jan kowace kalma. "Mun gode Allah." Ta gyaɗa kai. "Ina 'yar nan? Kai, hannunki ya faɗa. Manya-manya kuwa, yadda na ce."

Babu komai a wurin. Jiƙaƙƙen yadi ne kawai. Maganar da ta ba ni ita ta mayar mini daga ka, don kada in san cewa idon ya tafi a hanya. Tana kare ni daga baƙin ciki, a gaban wanda bai kare ta daga komai ba.

Da ta iso ƙarƙashin rassan, ɗigon ruwa ya faɗo daga yadin ya sauka a bayan hannunta. Ta shafa a fuska. "Har da ruwan wardi kuka yayyafa? Kun sha wahala."

Yaya ya sunkuya ya sumbaci kanta. Na ji ajiyar zuciyarsa, doguwa, ta wanda ya tsallake rami. Da zan iya da na ture shi. Amma in na buɗe baki, Kaka zan fara karyawa kafin shi, ita da ta tsaya a tsakiyar lungu ta yi karatun da ba ta gani ba saboda ni. Na matsa kusa da ita.

Ta saki hannun Baba za ta shiga da kanta. Ƙafarta ta yi ta laluben dokin ƙofar da ta shekara da shekaru tana tsallakawa, ba ta same shi ba. Na kama damtsenta na ce, "Ɗaga kaɗan, Kaka." Ta ɗaga, ta damƙe yatsuna da ƙarfi.

Muna wucewa Yaya ya matso kusa da kunnena, ya ce da Larabci, cikin jin daɗi, "Kin gani? Ba abin da ya faru."

An ci shinkafa, an sha shayi, an raba ruwan Zamzam a ƙananan kofuna. Maƙwabcin ma ya zo ya ci, ya yi wa Kaka addu'a mai kyau daga bayan labule. Ni na zauna a gefenta ina cire mata ƙashi daga nama ina sa mata a hannu. Yaya ya leƙo ya kira ni in miƙo masa faranti, ya sake kira, ya ƙara. Ban tashi ba. Kaka ta juyo da fuskarta wajen da take jin numfashina.

"Yayanki yana magana."

"Na ji shi, Kaka," na ce. "Buɗe hannunki, ga tsoka."