Labo Mai Jifan Dami

Duk wanda ya ce maka ƙwallon kwando daga birni ya zo Gidan Rumji, ka ce masa ya je ya tambayi Labo Tala. Maƙwabcina ne, yanzu ya haura saba'in, kuma har yau sai ya sunkuya yake shiga zaurensa saboda tsawo.

Labo bai yi lakol ba, wato makarantar boko. Aikinsa da kaka shi ne jefa damin gero cikin rumbu: ya kama dami da hannu biyu, ya sauke shi tsakanin gwiwoyinsa, ya wurga sama. Wata rana Mushe Hamisu, malamin wasanni (Mushe muke ce wa malamin lakol), ya tsaya ya ƙirga masa dami arba'in ba kuskure. Washegari ya danƙa masa ƙwallo, ya nuna masa zoben ƙarfen da ya kafa a bayan aji.

Cikin shekara biyu Labo ya shiga ƙungiyar da za ta je gasa Maraɗi. Sai dai jifansa na rumbu ya zama abin dariya wurin 'yan birni. Mushe Hamisu, mutumin kirki amma mai gudun kunya, ya gargaɗe shi: "Daga saman kai ake jefa balo. Ka sake yi mini jifan ƙauye, na cire ka."

Labo ya bi umarni, ya riƙa zubar da ƙwallo kamar ƙwarya mai huji. Har yau abin na ba ni haushi.

A wasan ƙarshe an yi kunnen doki, saura daƙiƙa kaɗan, aka ture Labo, alƙali ya ba shi jifa biyu. Na farko ya yi shi daga saman kai, ƙwallo ta bugi ƙarfe ta dawo. Ya tsaya ya dubi Mushe Hamisu. Sannan ya buɗe ƙafafu, ya sauke ƙwallon tsakanin gwiwoyi. Fili ya kwashe da dariya, wani ya yi ihu: "Ga manomi!" Kafin a gama dariyar ƙwallo ta wuce raga.

An kawo kofi gida, amma Mushe Hamisu ya cika alkawari, ya cire shi. Bayan mako guda ya zo har ƙofar gidan Labo yana ba da haƙuri. Labo ya ce: "Mushe, hannuna bai san ƙarya ba. In kana sona a haka, ga ni." Ya ƙara shekara tara yana wasa, duk da jifan rumbu.

Bara na raka shi filin lakol. Jikarsa Nazira ta kasa jifa sau uku, ta tsaya tana haɗiye kuka. Tsoho ya matsa ya nuna mata yadda ake sauke ƙwallo tsakanin gwiwoyi.

"Kaka, dariya za a yi mini."

"Bari su yi, ɗiyata. Ni ma sun yi mani. Kofin na nan ɗaka."