Bishiyoyin Kaka Darlene a Bakin Titi

Kakata Darlene gonarta tana bakin babban titi a jihar Wyoming. Duk hunturu iska sai ta kwaso dusar ƙanƙara ta zuba kan kwalta, motoci su yi ta kifewa, kuma babana direban tirela ne, nan yake bi!

Masu tsara hanya suka ce a dasa layin bishiyoyi su tare iskar, amma sai sun shekara ashirin za su yi amfani. Kowa ya hana filinsa, ita ta bayar.

Maƙwabcinta Vern ya ce, "Tsohuwa, lokacin kina kabari fa!"

Ta ce, "Kai za ka riga ni, mai sanƙo. Ɗauko shebur."

Yanzu bishiyoyin sun kai mata kafaɗa, kullum tana jan tiyo tana ba su ruwa.