Hannun da Labbo Ya Goge

Duk wanda ya zauna a Anka a shekarun nan ya san shagon Labbo mai hoto, ko da bai taɓa shiga ba. Yana gefen hanyar kasuwa, tsakanin mai gyaran rediyo da mai niƙa, ɗan ɗaki ne da ba ya ɗaukar mutum biyar sai sun yi haƙuri da juna. Labbo dogo ne siriri, da ɗan doron da ya samo wurin leƙen kyamara, kuma Allah ya yi shi da son yabo. In ka kuskura ka ce hotonsa ya yi kyau, to ka jawo wa kanka, don sai ya zaunar da kai ya faɗa maka yadda aka yi ya yi kyan.

A Gusau ya koyi sana'ar tun zamanin fim, lokacin da ake ba direba ya kai wanki, a zauna mako guda ana addu'ar kada ya ƙone. Shekara goma sha biyu ya yi a haka. Nagatif kuwa, wato fim ɗin da aka riga aka wanke, bai taɓa yar da ko guda ba, yana da kwali cike da su a ƙarƙashin tebur, ba don ya san amfaninsu ba, sai don haka ya ga maigidansa na yi.

Da zamani ya juya, ya sayar da bijimin da yake kiwo, ya tafi Kano ya dawo da kyamara mai katin memori, da tsohuwar kwamfuta, da firinta. Kyamarar ta hannu ce, amma ido biyu gare ta, gajere na ɗaukar taro da dogo mai jawo nesa. Yana da wani ɗan ƙyalle na musamman da yake goge su da shi, wanda ko matarsa ba ta isa ta taɓa ba. Sai dai ba kyamarar ce ta ɗauke masa hankali ba, gyaran hoto ne. Ranar da ya gane yana iya share ƙurji daga fuskar mutum, ranar Anka ta shiga uku. Baƙi ya shigo ya fita wankan tarwaɗa. Manomin da ko Gusau bai taɓa zuwa ba, sai ga shi tsaye gaban jirgin sama. Mutane kuma suna so, ba a ƙi faɗin gaskiya ba. Labbo yakan ce, "Kyamara ɗauka takai, ni ka gyara abin da taɗ ɗauko."

Kati guda gare shi. In ya cika, sai ya kwashe a kwamfuta ya share shi tas ya sake fita. Ita ma kwamfutar ƙaramin ciki gare ta, don haka in ya gyara hoto, sai ya ajiye gyararren a kan na asali. Me za a yi da ɗanye bayan an dafa?

A farkon shekarar dubu biyu da goma, cikin makon Maulidi, ya ɗaure kaya a babur ya nufi Abare. Lokacin zinariya ta buɗe, ƙauyen da kuɗi a hannu, kowa na son hoto. Maza na kawo dutse daga rami, injuna na niƙa, mata na daka a turmin da suke daka gero. Ƙurar dutsen ta kwanta a kan komai, har Labbo ya riƙa tsaki yana rufe idon kyamararsa da hula.

Wani magidanci mai suna Mahmuda ya kira shi ya ɗauki ɗansa Zakariyya, yaro ɗan shekara biyu da aka ɗinka wa sabuwar shadda mai ruwan ƙasa. Labbo ya rataya labulensa na ɗaukar hoto a ƙofar zaure ta ciki, aka tsayar da yaron a gaba. Zakariyya na ganin baƙin abu mai ido guda ya nufo shi, sai ya ɓare baki. Uban ya lallasa, ya ba shi alewa, ya yi tsawa, duk a banza, yaro sai neman komawa cikin gida yake yi.

Uwar tana bayan labulen, kowa ya san tana nan. Amma Zakariyya ɗan fari ne, ita kuwa Saratu 'yar gidan malamai ce da aka tarbiyyantar da kunya. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa gaban mutane, in an yabe shi sai ta kau da kai kamar ɗan maƙwabta ne. Balle a ce ta fito zaure ta tsaya da shi a hoto, ai sai a yi shekara ana ba da labari. Da kukan ya yi yawa, sai wani hannu ya fito ta gefen labule a hankali, da ɗan jan lalle a yatsu, ya kama yaron a gwiwar hannu. Nan take ya yi shiru yana ajiyar zuciya. Labbo ya danna sau ɗaya, hannun ya koma.

Da ya dawo shago ya buɗe hoton, abin da ya fara tsone masa ido ke nan. Hannu babu mai shi, a hoton Labbo? Kuma ya yi tunanin baiwar Allahn nan, in surukanta suka gani za su yi mata tsiya har ta rasa inda za ta sa kanta. Shi a ganinsa rufin asiri zai yi mata. Ya ɗebi launin shaddar ya shafe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ya share hawaye da majina, ya wanke ƙurar da ke goshin yaron, ya cire labulen ya dasa shi a kan koriyar ciyawa gaban wani bene mai mota a ƙofa. Ya ajiye a kan na asali kamar kullum. Mahmuda ya karɓa yana murna, har ya kira mutane su gani.

Ba a yi wata uku ba yara suka fara mutuwa a Abare da ƙauyukan da ke kusa. Yaro na wasa sai ya fara amai, sai jijjiga, sai a ɗauko shi a tabarma. Aka ce iska ce, aka ce zazzaɓi ne, sai daga baya likitoci suka zo suka ce gubar dalma ce da ke cikin dutsen. Labbo ya ji kamar yadda kowa ya ji, ya yi salati, ya ci gaba da aikinsa.

Wata rana da la'asar, damina ta yi nisa, mata biyu suka tsaya a ƙofar shagon. Tsohuwar ce ta yi sallama, ta ce sunanta Maimunatu, daga Abare suke, suna jinyar jaririyar abokiyar tafiyarta a asibitin da ake kwantar da yaran dalma. Ƙaramar ta zauna a bakin benci ta ja hijabi har goshi. Ta kwance wani ƙyalle ta tura hoto kan tebur. Labbo ya gane benen kafin ya gane yaron.

"Allah ya yi mai rasuwa," in ji tsohuwar. "Wagga ita ta uwatai."

Labbo ya yi ta'aziyya. Ya ɗauka ƙari suke so, ya ce zai wanke musu babba ya sa a gilashi, ba sai sun ba da komai ba. Saratu ta girgiza kai. Ta sa yatsa a kan gwiwar hannun yaron, inda shaddar ta ɗan tattare ba dalili.

"Malam, nan akwai hannu."

"Awo, akwai," in ji Labbo, har da ɗan jin daɗin an lura da aikinsa. "Ni nic cire shi, don kar a yi maki dariya."

"Shi nike so."

Tsohuwar ta ce, "Ke Saratu, ji kunya mana." Amma wanda ya binne ɗa ya wuce wannan wurin. Saratu ta yi magana kanta a ƙasa.

"Inna, kunyan nan ita nij ji shekara biyu. Ko sau guda ban ɗauke shi gaban mutane ba. Ban kira sunanai ba har yat tahi. Likita ya ce ƙurar dutsi ta, kuma da hannunga nid daka dutsin, shina zaune gehena shina wasa da ita. Kullum in na dubi hannunga, abin da nika gani ke nan. So nike in gane shi wuri guda shina riƙe da yaron."

Labbo ya sake duban hoton. Ya ce ta ba shi kwana uku.

Ya san babu, amma ya duba. Ya buɗe kwamfutar lungu-lungu, babu sai yaro a kan ciyawa. Ya jawo kwalin nagatif ya zauna yana kallonsa, ga hotunan mutanen da suka mutu tun shekara goma, kowa da kunnensa da inuwarsa, ba abin da ya ɓata. Na wata biyar kuwa ya gagara. Katin ya share shi ya fi sau ashirin tun daga Maulidi. Garin gyaran gira ya tsone ido, kuma ba idonsa ba.

Washegari ya rufe shago ya hau mota zuwa Gusau, wurin wani mai gyaran kwamfuta da aka ce yana tono abin da aka goge. Mutumin ya sa katin, suka zauna har azahar suna kallon hotuna na fitowa. Ga angwaye, ga 'yan makaranta masu fasfo, ga wani ɗan kasuwa da sabon babur. Sababbin sun fito lafiya. Tsofaffin kuwa an riga an taka su da wasu, sai guntu-guntu. Can wajen ƙarshe Labbo ya ce, "Tsaya!" Ga labulensa, ga hular Zakariyya, ga fuskarsa da hawaye da ƙura a goshi, yana kallon gefe inda uwarsa take. Daga kafaɗa zuwa ƙasa kuwa babu komai sai toka-toka, kamar an shafe da siminti. Mai gyaran ya ce iyakar abin da ya rage ke nan, ko Kano aka kai.

A hanyar dawowa Labbo ya yi wa kansa dabara, irin ta mutumin da bai san wata hanya ba sai wadda ta kai shi rami. Da matan suka dawo, ya roƙi Saratu ta miƙa hannu ta kama gefen matashin kai. Ya sa dogon idon ya ɗauka daga nesa don kada ya takura ta. Ya ce su dawo gobe. Bai taɓa yin aiki irin na ranar ba. Ya yanko hannun, ya rage shi daidai, ya juya shi ya bi tattarar shaddar, ya yi masa inuwa, har jan lalle ya ɗiga a yatsun. Duk Anka ba mai iya cewa ba a nan aka ɗauke shi ba.

Washegari da suka dawo, ya ajiye mata hotuna biyu a tebur, haɗaɗɗen da kuma rabin nan mai toka. Ta ɗauki haɗaɗɗen ta daɗe tana dubawa. Labbo na tsaye yana jiran yabo, yau kam ba don kansa ba.

"Ka yi ƙoƙari, Malam, Allah shi saka," in ji ta. Ta mayar da shi kan tebur. "Amma wanga hannun jiya na. Ya riga ya san abin da ya aikata. Wancan bai sani ba."

Ta ɗauki rabin hoton, ta shafa goshin yaron da babban yatsa kamar mai share masa ƙura, ta naɗe a ƙyallenta. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba, ta ce, "Zakariyya." Tsohuwar ta kama ta suka tafi. Labbo bai sake ganinta ba, bai kuma san ko jaririyar ta tashi ba.

Tun daga ranar bai sake share kati ba. In ya cika, sai ya rubuta wata da shekara a 'yar takarda ya naɗe shi ya jefa a gwangwanin madara, ya sayi wani. Abokan sana'a suka yi ta yi masa dariya, suna cewa Labbo ya fara adashin memori. Gyara ma ya rage, yakan ƙara haske ya daidaita launi, amma ya daina cire abu. Masu son jirgin sama suka koma wurin wasu. Cikin 'yan shekaru waya mai kyamara ta shiga kowane aljihu, hanyoyin ƙauye suka lalace da 'yan bindiga har ya daina fita da babur, shagon ya koma na fasfo kawai. Dogon idon nan ya yi fumfuna a ciki don rashin aiki. Ya tsufa da wuri, surutun ma ya tafi, kuma wanda ya san shi da can sai ya ji tausayinsa.

A shekarar dubu biyu da goma sha tara wani matashi ya shigo da waya, yana son a wanke masa hoton 'yarsa ta fari. A gefen hoton akwai yatsu huɗu riƙe da bakin rigarta.

"Baba, a cire min hannunga, na uwatta na, ya ɓata hoton."

Labbo ya duba, ya miƙa masa wayar. "Ni ba ni cirewa."

"To ai aikinka na."

"Bar shi nan, ɗana. Ba ya cin wuri."

Matashin ya yi tsaki ya tafi shagon gaba, inda aka cire masa cikin minti biyar. Labbo na zaune yana jin firintarsu tana aiki ta bayan bango.