Yadda Na Zama Uwar Mijina Na Fim

Ina tsugune a tsakar gidanmu na Haɗejiya ina gyaran kifi sai wayata ta yi ƙara. Wani daraktan fim ne, wanda rabona da jin muryarsa tun kafin aurena. Muka gaisa, ya yi mini ta'aziyyar maigidana, sannan ya ce suna da aiki a wani ƙauye wajen Auyo, labarin wani manomin shinkafa da ambaliya ta cinye gonarsa, kuma ya ajiye mini gurbi.

Na ce, "Wa zai fito a manomin?"

Ya faɗa mini. Jarumin da muka yi tashe tare ne, wanda na sha fitowa a budurwarsa da matarsa, har mutanen karkara suka ɗauka da gaske mijina ne.

Na yi dariya na ce, "To, matarsa ke nan kuma."

Ya ce, "A'a, Hajiya. Mahaifiyarsa."

Jarumin nan fa ya girme ni. Ina sakandare yana da gemu. Amma shi har yau saurayi yake fitowa, 'yan matan da na haifi sa'o'insu suna masa rangwaɗa. Na ce wa darakta zan yi shawara, na ajiye waya, na koma kan kifina.

Ni da kaina na bar fim lokacin da na yi aure, domin da wannan sharaɗin maigidana ya neme ni, kuma ban taɓa da-na-sani ba. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa. Na haifa masa 'ya'ya uku, na raine su. Da ya rasu, na gama takaba, na kwaso su muka dawo gidanmu wajen Inna. Na gwada sayar da atamfa, na gwada kayan miya, amma ni dai sana'ar da na iya ita ce tsayawa gaban kyamara.

Da na faɗa wa mutanen gida, yayana ya tashi tsaye. "Da girmanki? Ga 'yarki ta fara tasawa. Wa zai zo neman 'yar 'yar fim?"

'Yar tawa tana jingine da ƙofa, sai ta sunkuyar da kai. Wannan ya fi maganar yayana yi mini ciwo.

Inna tana kan tabarma tana tsintar shinkafa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Me aka ce za ta fito?"

Na ce, "Uwa, Inna." Na ɗaure fuska.

Sai ta ɗago ta kalle ni sosai. "Shi ne kike ɓata rai? To ni me nake a gidan nan? Je ki, amma kar ki kunyata mu."

Ban san wanne take nufi ba, mu 'yan gida ko mu iyaye mata. Yayana dai ya koma ya zauna.

Damina ta yi nisa a lokacin. Mota ta sauke mu inda hanya ta ƙare, muka hau babur, daga nan muka shiga kwalekwale, ciyawar kachalla tana gogar kafaɗunmu dama da hagu. A ƙauyen, mai kwalliya ta zaunar da ni ta barbaɗa mini hoda a gaban goshi ta zama furfura, ta zana mini tamoji, aka miƙo mini sanda. Darakta ya ce in ranƙwafa, in riƙa karkarwa da murya. Na yi yadda ya ce. Da aka nuna mini a allon kyamara, na ga wata halitta da ban taɓa gani ba a garinmu. Matan ƙauyen da suka taru kallo suna ta ƙunshe dariya a mayafi.

Na ja darakta gefe na ce, "Ranka ya daɗe, dubi matan can. Waccan mai tallan nonon tana da jikoki, ka ga ta ranƙwafa? Innata ta haifi tara, har yau ita ke ɗaga tukunyar tuwo."

Ya ce, "Na ji, Hajiya, amma masu kallo sun san ku tare. Idan ba ki tsufa ba, wa zai yarda ke kika haife shi?"

Gaskiya ya faɗa, ni ma abin ya tsaya mini a rai. Na ce, "Ba ni dama sau ɗaya. In bai yi ba, zan ɗauki sandar."

Na wanke fuskata tas, na bar 'yar furfurar da Allah ya ba ni, na ɗaura zane irin na Inna. Wurin da za a ɗauka shi ne inda ɗan ya zo ya ce zai bar gonar ya tafi birni. A rubuce, uwar kuka za ta yi ta riƙe masa riga. Ni kuwa na zauna ina shanya jiƙaƙƙiyar shinkafar da aka tsamo daga ruwa. Ya zo ya tsaya a kaina ya yi ta bayani. Ban kalle shi ba. Sai da ya gama na ce, "Ka gama? To miƙo mini wancan buhun."

Sai na ga inuwarsa ta yi ƙasa. Mutumin nan ya tsuguna a gabana ya cire hularsa, abin da babu shi a rubutun. Muka ƙarasa maganar a haka, yana tsugune ina baza shinkafa. Da darakta ya ce a tsaya, sai wata tsohuwa daga cikin 'yan kallo ta ce da ƙarfi, "Ai haka ake musu!" Kowa ya fashe da dariya. Jarumin ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa ya ce, "Wallahi Hajiya, ƙafata ce ta lanƙwashe da kanta. Muryar gyatumata na ji."

Ba a sake kawo mini sanda ba.

Aikin ya ja fiye da yadda aka tsara saboda ruwan sama, har ya ci ranar walimar saukar Alƙur'anin 'yata. Na roƙa aka fara ɗaukar nawa da sassafe, ina gamawa na faɗa kwalekwale da kayan fim a jikina. Babur ɗinmu ya kafe a laka, na sauka na taya turawa. Ina isa makarantar an riga an kira ta, ta yi karatunta ta zauna. Karatun ya wuce ni, kuma har yau abin yana taɓa ni.

Na tsaya can baya, zanena duk taɓo, mata suna waiwayowa suna raɗa. Sai ga ta ta taso cikin farin hijabinta, ta ratsa mutane, ta kama hannuna ta kai ni gaban malamarsu.

"Malama, ga mamata," in ji ta. "Daga wajen aiki take."

Malamar ta matsa ta ba ni wuri a kan bencin gaba, na zauna a nan har aka shafa fatiha.