Inda Jif Ɗin Alhaji Ta Mutu

Wa ya gaya wa mota inda gonar mai ita take? Ku taya ni tunani, ni dai na kasa.

Yau ɗana Sani ya ɗauko ni daga Zurmi, wai in koma wurinsa Ƙaura tunda na fita takabar Alhaji. Tsohuwar jif ɗin marigayin muka shiga, wadda ya saya shekarar da aka ba mu jiha. Muna fita daga gari ta yi wata ƙara, hayaƙi ya turnuƙe, ta mutu. Daidai bakin gonar Alhaji, wadda na kasa leƙawa tun rasuwarsa!

Makanike ya zo ya duba, ya ce, "Hajiya, inji ya buga. Yau ba tafiya."

Sani ya ce, "Inna, sauko ki sha inuwa."

Ina saukowa, sai ga dawa ta nuna jajir, tsuntsaye sun rufe ta! Na fashe da kuka. Na ce ba inda za ni sai an yanke ta.

Ranar da za a kai Alhaji asibiti, ta tagar motar nan ya leƙo ya ce mini, "Hajara, kada ki bar wa tsuntsaye dawar nan."